Yadda Za Ka Haɗa Tsohuwar Kwamfuta da Saba Ba Tare da Ka Tambayi Kowa Ba

Ɗan'uwa ma'aikaci, gyara zama. Idan a ofishinku akwai tsohuwar kwamfuta wadda ta ga mulkin soja da idonta, aka kuma wayi gari an kawo sababbi tare da wata babba da ake kira saba, aka ce dole tsohuwar ta haɗu da ita, to kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Hanyar nan an gwada ta a garin Wudil, kuma ta yi aiki. Na yi maka alkawari za ta haɗu. Abin da zai biyo bayan haɗuwar ne ban ce komai a kai ba.

Wanda ya gwada ta shi ne Malam Ƙasimu, wato ni. Amma daga nan ba za ka ƙara jin na ce "ni" ba. Gwani yakan ba da labarin kansa ne kamar labarin wani, domin in abin kunya ya taso sai ya faɗa kan wancan.

Mataki na 1: Ka san abin da za ka rasa

Kada ka ɗauki sukundireba sai ka san abin da kake tsoro.

Malam Ƙasimu ma'aikaci ne a ofishin wata ƙungiyar manoman rani da ke Sabon Gari. Da tafireta ya fara. Ranar da aka kawo kwamfuta ta farko, tun zamanin soja, kowa ya ja da baya. Wasu suka ce tana kashe ido, wasu suka ce in ta lalace a hannunka a bariki za ka yi bayani. Ƙasimu ba jarumta ce ta sa ya matsa gaba ba, ture shi aka yi daga baya. Amma tunda yatsansa ne ya fara sauka a kanta, daga ranar ya zama Malam Kwamfuta.

Sunan kowane manomi, da gonarsa, da injin ban-ruwan da aka ba shi, duk suna cikinta, kuma shi kaɗai ya san abin da ake buga mata a baƙin allon nan ta fito da su. Mutum zai taso tun daga ƙauyen Darki, ya rusuna ya gaishe shi, ya ajiye ɗan kwandon tumatir a gefen tebur, sannan ya tambaya ko sunansa yana nan. Ƙasimu sai ya ɗaure fuska ya yi ta buge-buge, alhali aikin bai kai haka ba. Kujerarsa mai katifa ce, fanka ma ɓangarensa ta fi kallo.

Sai soja suka koma bariki, gari ya cika da fastocin 'yan siyasa, kowa yana maganar romon dimokuraɗiyya. Namu romon ya zo ne a kwali. Wata ƙungiyar agaji da ta tattara ta tafi a baya ta dawo, ta kawo wa ofis sababbin kwamfutoci biyu da saba ɗaya. Saba, in ba ka sani ba, rumbu ce: kowa ya zuba takardunsa a cikinta ta waya, kowa ya ɗiba ta waya. Aka ɗauki Yusra, 'yar unguwar su Ƙasimu mai difloma daga Kano, aka ce ta riƙe sababbin.

Alhaji Babba, shugaban ƙungiya, ya tara ma'aikata ya ce, "Yanzu zamanin farar hula ne, an daina ɓoye-ɓoye. Bayan Sallah masu kayan nan za su zo dubawa. Duk na'urar da ba ta haɗu da saba ba, sito za a kai ta. Mai ita kuma," ya ɗaga kai ya dubi silin, "sai mu ga abin da Allah zai yi."

Na'ura ɗaya ce a ofishin da ba ta haɗu ba, mai ita kuma kowa ya san shi. Ƙasimu ya ji tsoro. Ka tabbata kai ma ka ji naka kafin ka wuce gaba.

Mataki na 2: Ka ce ƙaramin aiki ne

Injiniya Isyaku, wanda ya zo daga Kano ya haɗa sababbin, shi ya leƙa tsohuwar. Ya kunna ta, ya jira, ya ɓare goro ya ci, ya ƙara jira. Da ta gama tari ta farka, sai ya yi murmushi.

"Malam, manhajar da ke cikin nan ai ta girmi saba nesa ba kusa ba. Yarensu ma ba ɗaya ba ne. Za a iya, amma sai an zauna. In kana so in dawo wani satin."

A nan ake gane gwani. In ka bari ya dawo, ofis gaba ɗaya zai ga akwai wanda ya fi ka sanin kwamfutarka. Saboda haka ka yi yadda Ƙasimu ya yi. Ya gyara hula, ya yi 'yar dariya.

"Haba Injiniya! A kan wannan ɗan abin za ka taso daga Kano? Bar min kayan kawai."

Isyaku ya bar masa wani koren kati mai haƙora, da naɗin waya, da fulofi ɗaya, ɗan faifan nan da ake zura wa kwamfuta. Ya tsaya yana bayani, Ƙasimu yana gyaɗa kai tun kafin a kai ƙarshen kowace magana.

Hikimar gwani: gyaɗa kai ya fi fahimta sauƙi, kuma daga nesa ba a bambanta su.

Mataki na 3: Ka bar saba inda babba ya ajiye ta

Injiniya ya so a sa saba a ƙaramin ɗakin da ke kusa da baranda. Alhaji ya tambaya, a duk kayan nan wanne ne babba? Aka ce saba. Ya ce to babba ba ya zama a ɗakin tsintsiya. Aka kai ta ofishinsa, aka ɗora ta a kan tebur, tsakanin kalanda da filas ɗin shayi, inda duk baƙon da ya shigo zai fara ganin ta.

Alhaji kuwa mutum ne mai tsari. In zai fita, sai ya kashe fanka, ya kashe fitila, ya kashe duk wani abu mai numfashi a ɗakin, har da saba, ya zare soket, ya kulle ƙofa, ya jefa makulli a aljihu. Haka yake yi tun kafin a haifi Yusra, kuma ba a taɓa samun gobara a ofishinsa ba. Da siyasa ta dawo, fitar tasa ta ƙaru. Yau yana Kano gaida sabon onarabul, gobe yana taron taki, jibi ana ɗaurin auren 'yar wani kansila.

Riƙe wannan a ranka. Malam Ƙasimu bai riƙe ba.

Mataki na 4: Ka buɗe cikinta

Ka jira a watse zuwa sallar Azahar, saboda kada a ga fuskarka lokacin da ka ga abin da ke ciki.

Kwance sukurorin baya. Za ka tarar da ƙura, da yanar gizo, da wataƙila gawar kyankyaso da ya rasu tun a gwamnatin da ta wuce. Ka hure su a hankali. Ƙasimu ya hura da ƙarfi, ya yini yana atishawa, ya ce wa masu tambaya mura ce.

Sai ka nemi ramin da ya yi daidai da haƙoran katin. Akwai ramuka da yawa, amma ɗaya ne zai karɓa ba gardama. Ƙasimu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya yi bisimilla a kan kowanne, har ya dace. Ka danna sai ka ji ya ce ƙas. In ka ji ƙas sau biyu, ka yi salati ka duba abin da ya karye.

Mayar da murfi. In sukuru ya yi saura, sa shi a aljihu. Masu ƙera na'ura mutanen kirki ne, sukan ƙara na kyauta.

Mataki na 5: Ka ja waya

Tsakanin teburin Ƙasimu da ofishin Alhaji akwai bango ɗaya da doguwar baranda. Kada ka huda bangon shugaba. Ko da fasahar duniya ta ce ka huda, kada ka huda.

Ƙasimu ya bi da wayar ta taga, ya zagaya da ita bayan gini, ya ɗaga ta sama saboda awakin maƙwabta, ya ɗaure ta a reshen darbejiya, sannan ya shigo da ita ta tagar Alhaji ranar da ya samu tagar a buɗe. Kwana kaɗan matar maigadi ta shanya zani a kanta. Ya je ya yi mata bayani cikin ladabi cewa sunayen manoma ne za su riƙa wucewa ta ciki, nauyin zani zai iya tare su. Ta ce Allah ya ba su haƙuri, ta kwashe.

Mataki na 6: Ka ba ta suna, ka ba ta sirri

Zura fulofin da Injiniya ya bari. Za ta yi gurnani, ta jero maka tambayoyi da Turanci. Ka amsa kowacce da e. Duk abin da ta tambaya, ta fi ka sanin dalili.

Za ta nemi sunanta. Ƙasimu ya rubuta HAJIYA, domin a ganinsa ta kai. Za ta nemi sunan gidan da saba take, wato rukunin da sauran kwamfutocin suke ciki. Wannan kada ka ƙirƙira. Ka wuce ta bayan Yusra kamar za ka ɗauki ruwa, ka saci kallon allonta, ka dawo ka rubuta.

Daga nan sai kalmar sirri. A ofishin su Ƙasimu wannan ba ta ba da wahala ba, domin Alhaji ne ya zaɓe ta, ya kuma sanar da ita a taron ma'aikata da babbar murya, ya maimaita saboda na baya. Direba ya san ta, maigadi ya san ta, mai kawo kifi daga bakin gada ma in ka matsa masa zai tuna.

In ka kai nan, aikinka ya ƙare. Gaskiya nake faɗa maka, ya ƙare sarai. Malam Ƙasimu ya gama komai daidai tun a makon farko, cikin ikon Allah ba cikin saninsa ba. Saura gwaji.

Mataki na 7: Ka zaɓi lokacin gwaji kamar mai hankali

Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin babba ya san yini iri biyu ne: ranar da maigida yake nan, da ranar da ba ya nan.

Ranar da Alhaji yake nan, babu wani namiji mai furfura da za a gani a teburinsa. Da an ji ƙarar motarsa sai a miƙe. A karɓi jaka, a yi barka da zuwa, a tambayi hanya, a tambayi gajiya, a tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Sannan a bi shi ofis a zauna a kan darduma. Ya ba da labarin abin da onarabul ya ce masa, a ce Allah ya ƙara girma. Ya yi raha, a yi dariya. Ya yi shiru, a yi shiru. Wannan shi ne zaman fada, kuma ba wasa ba ne. A nan ake sanin wanda ke da gindin zama. Wanda ba a gani a fada ba, da shi ake hira.

Ƙasimu kuwa wurinsa sananne ne, dab da ƙafar tebur, hannun dama. Ya yi shekaru yana matsowa kafin ya kai nan. Saba tana bisa kansa tana huci, koriyar fitilarta tana ƙiftawa, shi kuma yana ƙasa yana cewa, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Aiki sai ranar da Alhaji ba ya nan. Ranar ce Ƙasimu zai naɗe hannun riga, ya kunna Hajiya, ya jira ta gama tari, ya buga kalmar sirri, ya umarce ta ta nemo saba. Sai ta yi dogon tunani, ta rubuto masa cewa ta duba hanya ba ta ga kowa ba.

Ya sake. Ba ta ga kowa ba. Washegari ma haka, in dai Alhaji yana Kano.

Mataki na 8: Ka nemo mai laifi

Kada ka bari laifi ya kwana ba shi da uba. Ƙasimu ya fara da waya, ya bi ta taku-taku har bayan gini yana shafawa. Ya koma kan awaki. Ya zargi zafin gari, ya sa aka juyo da fanka tana kallon Hajiya, shi yana gumi. Ya cire katin ya mayar, ya ƙara cirewa ya mayar, har haƙoran suka fara haske. Ya ce wutar da ake kawowa ba ta da kauri. Da abin ya ƙi, sai ya sanar da ofis cewa Injiniya Isyaku ya bar masa kayan jabu, mutumin da ko sau ɗaya bai ɓata masa rai ba.

Akwai ranar da ya rufe ƙofa ya zauna gaban Hajiya ya yi mata magana a hankali. Ya tuna mata shekarun da suka yi tare, da yadda yake goge ta kowace safiya. Ya ce in ba ta duba shi ba ta dubi iyalinsa. Wannan ba ya cikin littattafan injiniyoyi, amma ba ya cutarwa.

Mataki na 9: Kada ka saurari yarinyar da ka ci tuwon sunanta

Yusra ba ta zaman fada, domin ba wurin mata ba ne. Da maza sun bi Alhaji ofis, sai ta zauna ita kaɗai a babban ɗaki ta yi aikinta cikin natsuwa, ta zuba abin zubawa a saba, ta ɗebi abin ɗiba. A wurinta saba ba ta taɓa ɓata ba. Ta dai san lokacin da take farke.

Wata Laraba ta zo ta tsaya a gefen teburin Ƙasimu, ta rusuna.

"Baba, sannu da aiki. Ya jikin Inna Barakatu?"

"Da sauƙi, 'yata. Ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau. Baba, na ce ba, da za ka gwada ta lokacin da Alhaji yake nan."

Ƙasimu ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau.

"Lokacin da yake nan?"

"E, Baba. Ai in ya fita yakan kashe saba."

Ka lura da kyau, domin wannan shi ne matakin da ya fi kowanne wuya. An ba ka amsa a fili, da Hausa, ba ko sisi. Aikinka shi ne ka ƙi ji. Ƙasimu ya yi haka cikin ƙwarewa. Kunnensa bai ɗauki maganar kashewa ba, abin da ya ɗauka shi ne ana so ya tashi daga fada. Ya ce a ransa, wato yarinyar nan da na je sunanta, ita ce za ta raba ni da gefen Alhaji, a yi hira da ni ina nan ina danne-danne? Wa ya aiko ta?

Ya yi murmushin manya ya ce, "Yusra, wannan matsalar ta fi nan zurfi. Tsohuwar manhaja sai tsohon hannu. Je ki abinki, Allah ya yi miki albarka."

Ta ce amin, ta koma teburinta. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, domin an yi mata tarbiyya.

Mataki na 10: Kafin ta haɗu, kai ne wayar

Alhaji zai tambaya. Ka ce, "Ta fara kamawa kaɗan-kaɗan, ranka ya daɗe." In ya ce a nuna masa sunayen manoman Darki a sabuwar kwamfuta, ka ce gobe da safe za su iso, hanya ce da nisa.

Sai ka kwafi ɗan abin da aka nema a fulofi, ka sa a aljihun babbar riga, ka ratsa ɗaki kamar mai zuwa alwala, ka ajiye a ƙarƙashin fayil ɗin Yusra ba tare da kun haɗa ido ba. Haka Ƙasimu ya yi ta yi. Amma fulofi cikinsa ƙarami ne, babban kundin manoma ba ya shiga, kuma aljihun da ake ajiye goro da makulli ba wurin lafiyarsa ba ne. Rabin abin da ya ɗauka a hanya yake mutuwa.

Azumi ya wuce, Sallah ta wuce. Aka ce baƙi masu kayan suna tafe. Ƙasimu ya rame, hularsa ta fara yi masa yawa. Wata rana ya koma gida cin abincin rana, ya zauna yana juya cokali a kwano. Matarsa Barakatu ta dube shi.

"Malam, tsohuwar taka ce har yanzu?"

"Ke dai bari. Na yi duk abin da ilimi ya ce."

"Ita Yusra 'yar gidan Malam Garzali me ta ce? Ba ita ta yi karatun abin ba?"

"Wai in gwada lokacin da Alhaji yake nan. Ki ji fa! In tashi daga fada."

"To ka tashi mana."

"Barakatu, ba ki san aikin ofis ba. In na tashi, wani zai zauna a wurina."

Ta ɗauke kwanon miya ta ce, "In an kai ta sito ma ai wani zai zauna."

Ya ci gaba da juya cokalinsa. Gwani ba ya jayayya da mai riƙe da miya.

Mataki na 11: Ka tashi daga fada

Ana jibi baƙi za su zo, Alhaji ya dawo daga Kano da labari mai daɗi. Fada ta cika har ƙofa. Yana tsakiyar bayanin yadda onarabul ya riƙe hannunsa bai saki ba har bakin mota, sai Malam Ƙasimu ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya dafe ciki, ya yamutsa fuska.

"Allah ya taimake ka, a yi min afuwa. Cikina ne."

Kowa ya juyo ya dube shi. Alhaji ya ce, "Subhanallahi, je ka, je ka." Kafin Ƙasimu ya kai ƙofa, ya ji motsin wani yana matsawa wurinsa. Bai waiwaya ba, amma abin ya soke shi.

Ya zauna gaban Hajiya. Ya kunna ta, ta yi tarinta. Ya buga kalmar sirri da yatsa ɗaya. Ya ce ta nemo saba.

Ko tunani ba ta yi ba. Sai ga saba a allo, da ɗakunanta a jere, kamar dama can tana bakin ƙofa tana jira a yi sallama.

Ƙasimu ya yi kabbara da ƙarfin da ya manta cikinsa na ciwo. Yusra ta ɗago kai daga teburinta ta ce, "Alhamdu lillahi, Baba. Sannu da ƙoƙari." Ko alamar dariya babu a fuskarta, kuma har gobe yana gode mata a kan wannan.

Mataki na 12: Ka karɓi yabo a tsaye

Fada gaba ɗaya ta taso ta kewaye teburinsa. Ka yi yadda ya yi: ka goge gumi, ka ce aikin ya ci rai amma Allah ya taimaka, ka ambaci kati da manhaja da yare, ka bar su su yi mamaki. Alhaji ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa.

"Ƙasimu, ka fitar da mu kunya. Dama na ce in ba kai ba babu mai iyawa." Ya juya. "Yusra, to bisimilla, kwashe."

Ƙasimu ya ce, "A kwashe me, ranka ya daɗe?"

"Sunayen mana. Ai dalilin haɗawar ke nan."

Yusra ta nemi izini ta zauna a kujerarsa mai katifa. Ta danna nan, ta danna can. Wata 'yar takarda ta fara tashi a allo daga wannan gefe zuwa wancan. Duk abin da Ƙasimu ya tara tun zamanin soja, manoman Darki da na bakin kogi, gonakinsu da injinansu, suka bi ta taga, suka wuce ta reshen darbejiya, suka shige ofishin Alhaji. Shayin da aka zuba wa Ƙasimu na murna bai huce ba aka gama.

Alhaji ya sa aka kira sunan wani manomi a sabuwar kwamfuta. Ya fito nan take. Aka kira wani, akawu ma ya gwada da kansa, ya fito. Kowa ya yi tafi, Ƙasimu ma ya yi, domin in bai yi ba za a lura. A cikin tafin ne ya gane cewa daga yau babu wanda zai ƙara rusunawa a gaban teburinsa, kuma da hannunsa ya ja wayar.

Baƙi suka zo, suka yaba, suka ɗauki hoto da saba, suka tafi. Bayan mako biyu Alhaji ya kira shi, ya ba shi wuri a kujera ba a darduma ba, abin da ya sa ya sha jinin jikinsa.

"Ƙasimu, mutum irinka ba a barin sa a ƙaramin wuri. Mun buɗe reshe a bayan Achika, kusa da manoma. Kai ne shugaban sashen kwamfuta na can. Tsohuwar ma ka tafi da ita, tunda kun shaƙu. Ka ga ba a kai ta sito ba, na cika alkawari."

"Na gode, ranka ya daɗe. Akwai wuta a wurin?"

"Onarabul ya yi alkawari."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin komai. In katinka ya karye, hannunka ne. In akuya ta cinye wayarka, tsakaninka ne da mai akuya. In ka bi matakan nan ba ta haɗu ba, ka duba ko maigidanka yana gari. In kuma ta haɗu, to kai ka jiyo, domin an faɗa maka tun farko cewa za ta haɗu, ba a ce za ka ji daɗi ba.

Kada ka kawo ƙara wurin Malam Ƙasimu. Yana can ɗaki ɗaya a bayan Achika, shi da Hajiya da buhunan iri, suna jiran alkawarin onarabul, kuma ba ya karɓar baƙi a kan maganar saba. Amma in hanya ta biyo da kai, ka tsaya ka sha ruwa. Zai tambaye ka gida, ya tambaye ka hanya, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya tambaye ka ko a ofis akwai wanda yake neman sa.

In babu, ka ce akwai.